A Gokat, Bayanka Ne Shokozoba

 Yau faɗa na zo yi, don haka ina roƙon shugabannin zaure su bar ni in kai aya kafin a fara jifa na a ƙasa.

Duk mai leƙa Facebook da TikTok bayan hutun Sallah ya saba ganin hotunan: samari da 'yan mata sun je Abuja ko Legas, masu ƙumbar susa sun je Dubai, sun zauna cikin 'yar ƙaramar motar tseren nan da ake kira gokat, mazaunansu kusan a ƙasa, an kifa musu hular kwano ana ta murmushi. Ba ni da matsala da hoton, kuma ba ni da matsala da wasan. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne maganar da ke biyo baya, wai ai wasan yara ne, minti goma ne kawai, me zai faru. Masu filin suna son a ɗauka haka domin tikiti ya tafi. Masu hawa suna son a ɗauka haka domin kada a ce sun ji tsoro. Washegari mutum ya tashi ya kasa yin ruku'u yadda ya kamata, sai ya ɗora wa katifa laifi.

Bari mu fara da motar kanta, domin yawancin masu cewa wasan yara ne ba su taɓa sunkuyawa sun leƙa ƙarƙashinta ba. Wani maƙerin motocin tsere mai suna Art Ingels ne ya haɗa ta farko a Kalifoniya ta Amurka a 1956. Ya lanƙwasa bututun ƙarfe, ya sa ƙananan tayoyi huɗu, ya ɗora injin da aka yi domin yankan ciyawa. Daga wancan lokaci zuwa yau injin ya canza, tayoyi sun canza, birki ya canza, amma abu guda bai canza ba: gokat ba ta da shokozoba, ba ta da sifirin. Ba mantuwa aka yi ba, dokar wasan ce ta hana. Haka kuma tayoyin baya biyu suna maƙale ne a jikin sandar ƙarfe guda ɗaya, suna juyawa da gudu ɗaya. A motar gida akwai na'urar da ke ba tayar waje damar fin ta ciki gudu idan an zo kwana, ita gokat ba ta da wannan. Saboda haka idan za ta sha kwana, dole firam ɗinta ya ɗan murɗe har tayar baya ta ciki ta ɗaga daga ƙasa. Nauyin direba da yadda yake danna gefen kujera na daga cikin abin da ke jawo wannan murɗewa. Wato tun daga zane, an lissafa jikinka a cikin sassan motar.

Yanzu tambayi kanka. A Keke Napep ma da muke zagi kullum akwai shokozoba, akwai soso a kujera. Idan an cire su duka, aka ba ka kujerar faiba mai tauri wadda aka ɗaure da noti a jikin ƙarfe, tazararta da kwalta ba ta wuce faɗin yatsu biyu ko uku ba, ina gargadar hanya za ta tafi? Tayar za ta sha kaɗan, ƙarfen zai sha kaɗan, sauran kuma kai tsaye zuwa ƙugunka.

Wani zai ce ai waɗanda ake haya ba su da gudu. Gaskiya ne ba su kai na gasa ba. Yawancinsu injin Honda ne irin na GX, ɗan gidan su injin ban-ruwa da injin markaɗe, mai ƙarfin doki shida da ɗoriya zuwa sha uku, kuma a fili mai tsawo suna kai kilomita 60 a awa ko fiye. Na gasa masu injin cc 125 suna wuce kilomita 100, manyansu masu cc 250 har sun haura 200. To amma kilomita 60 ɗin nan da ake rainawa ya fi kilomita 50 da doka ta ƙayyade wa mota a cikin gari, kuma ita motar gida tana da ƙofa da rufi da bel. Kai kuwa a gokat iska ce ƙofarka.

Hujjar da masu cewa wasan yara ne suka fi so ita ce wai ai yara ne ke tuƙa ta a Turai. Haka ne, Lewis Hamilton yana ɗan shekara takwas ya fara a 1993, Michael Schumacher ya taso a filin gokat na Kerpen inda mahaifinsa ke aiki, Max Verstappen ya ci gasar duniya ta gokat a 2013 yana ɗan shekara 15. Sai dai wannan hujja kansu take sara. Ana kai yaran can ne domin ita ce makarantar da ta fi kowace tsanani, inda babu wata na'ura da za ta rufa wa direba asiri. Ayrton Senna, wanda ya ci kambun Formula 1 sau uku, bai taɓa cin gasar duniya ta gokat ba, na biyu ya zo a 1979 da 1980. Hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, ta kafa wa wasan sashe na musamman tun 1962. Kuma yaran da ake nuna mana ba a zubo su cikin mota haka kawai ba. An auna musu kujera, an auna hula, akwai babba tsaye a kansu. Duk da haka ana mutuwa. A Italiya har yau ana yin gasar tunawa da Andrea Margutti, wanda ya rasu a filin gokat na Parma a 1989 yana matashi. A watan Afrilun 2017 wani yaro ya rasu bayan haɗari a filin da ke ɗauke da sunan Fernando Alonso a yankinsu na Asturiyas a Sifaniya, filin da aka gina da kuɗi da ilimi.

Amma mutuwa ba ita ce ta fi yawa ba, kuma ba ita ce ta sa na ɗauki alƙalami ba. Ciwon baya ne, wanda ba ya zubar da jini, ba ya fitowa a hoto, shi ya sa babu mai ƙirga shi.

Gadon bayan mutum ƙasusuwa ne a jere kamar an ɗora kwanuka, tsakanin kowane biyu akwai faifan guringuntsi mai ɗan laushi a tsakiya. Biyar na ƙasa, na wajen ƙugu, su ke ɗauke da yawancin nauyi. Tun a shekarun 1960 wani likitan ƙashi ɗan ƙasar Suwidin, Alf Nachemson, ya auna matsin da ke cikin waɗannan faifai a jikin mutane masu rai, ya ga zaman da mutum ya ranƙwafa gaba ya fi tsayuwa matsa su. Dubi yadda ake zama a gokat: ƙafafu a miƙe gaba, gwiwa a sama, ƙugu ya lanƙwashe kamar baka, hannuwa suna kokawa da sitiyarin da ba shi da wani taimako. A wannan zaman ne ake aiko maka da duka daga ƙasa. Masu nazarin girgiza sun daɗe da sanin cewa jikin mutumin da ke zaune ya fi jin girgizar da ke zuwa sau huɗu zuwa takwas a daƙiƙa, domin a nan ne gangar jiki ke amsa ta, ta ƙara mata ƙarfi maimakon ta rage. Abin ya kai Tarayyar Turai ta yi doka a 2002 da ta ɗora wa masu ɗaukar ma'aikata alhakin lura da girgizar da direbobin tarakta da manyan injuna ke sha. Abin da aka yi wa doka a wurin aiki, shi muke biyan kuɗi mu saya a wurin shaƙatawa, muna cewa wasa.

Ƙara da kwana. Kowace kwana tana jefa jikinka gefe, kuma a motocin gasa ƙarfin jifan kan kai ninki biyu na nauyin mutum. Ƙara da dandamalin gefen hanya mai ja da fari, wanda sabon shiga ke hawa da gudu domin ya ga ana yi a talabijin. Sannan babbar musiba, wadda ta fi yawa a filayen haya: abokinka da ya taho ta baya bai taka birki ba ya dake ka, yana dariya. Ƙwararru suna gudun taɓa juna domin taɓawa na cin lokaci, 'yan koyo kuwa dominta suka zo. Dukan baya a motar da ba ta da abin jingina kai, wuya ne da ƙugu ke karɓarsa.

Ga wanda har yanzu yake ganin raki ne, ya tuna gasar Formula 1 ta birnin Baku a watan Yunin 2022. Motocin wannan shekarar suna da wata matsala ta tsalle-tsalle idan sun ɗauki gudu. Hamilton, mai kambun duniya bakwai, mai likitoci da masu horar da jiki, mai kujerar da aka zuba daidai da siffar bayansa, duniya ta gan shi yana fitowa daga mota da ƙyar yana dafe da ƙugu. Cikin 'yan kwanaki FIA ta sa baki a kan lamarin saboda lafiyar direbobi.  Mu ne dai idan ɗan uwanmu ya ce bayansa na ciwo bayan zagaye goma sai mu ce ya cika son jiki.

Yanzu ga inda zan ɓata wa wasu rai, wato waɗanda suka yarda akwai haɗari amma suka ɗauka kayan kariya sun gama magana. Ina goyon bayan kayan kariya ɗari bisa ɗari, amma a san aikin kowanne. Hular kwano kai take karewa. Gidauniyar Snell da ke gwada ingancin huluna an kafa ta ne a 1957, bayan wani direba mai suna Pete Snell ya rasu a tsere saboda hularsa ba ta tare komai ba, don haka sa hula kawai ba ya isa, sai ta zama mai inganci kuma daidai kai. Hular da ke juyawa idan ka girgiza kai, ko wadda ba a ɗaure igiyarta a haɓa ba, ado ce. Rigar gokat an yi ta ne domin kada kwalta ta saɓule fata idan an ja mutum a ƙasa. Safar hannu domin kanta da riƙon sitiyari. Sulken haƙarƙari, wanda FIA ta fitar wa da ma'auni a 2018, yana hana gefen kujera fasa haƙarƙari, kuma wannan rauni ne da 'yan gokat suka sani sarai. Motocin gasa ma ba su da bel, da gangan, domin ba su da rufin ƙarfe, an fi son direba ya fita daga motar idan ta kife da a ce ta danne shi yana ɗaure.

Ka sake bin jerin nan a hankali ka nuna mini wanda ke tsakanin ƙugunka da kwalta. Babu. Duk an yi su ne domin ranar haɗari, ciwon baya kuwa a ranar da komai ya tafi lafiya yake shiga. Hula mai nauyi ma ƙara wa wuya aiki take yi a kwana, shi ya sa aka ware wa yara nasu hulunan marasa nauyi. Bel ɗin ɗaure ƙugu da ake tallatawa a intanet shi ma kada a dogara da shi, domin tun 1994 hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta duba hujjojin ta ce ba su isa a ce yana hana ciwon baya ba.

Abin da ke kare baya a gokat shi ne kujera, kuma ita ce babu mai ɗaukar hotonta. Ɗan gasa yana sayen kujera ne kamar yadda ake sayen takalmi, lamba-lamba, har akwai kamfanoni irin su Tillett na Ingila da suka yi suna a kan kujeru. Dole ta kama shi tsam daga ƙugu zuwa haƙarƙari yadda shi da motar za su motsa tare. A filin haya kuwa kujera ɗaya ce, an yi ta da faɗi domin ta ɗauki Alhaji mai tumbi. Siririn saurayi ko yarinya 'yar sakandare idan suka shiga, sai su riƙa yawo a ciki kamar tsakuwa a gwangwani, kowace kwana gefen kujera ya dake su, su kuma su ƙanƙame sitiyari su ɗaure tsokar baya domin su tsaya wuri ɗaya. Maganin wannan ba shi da tsada. Akwai soso na musamman da ake sakawa cikin kujerar domin ta matse, kuma motocin haya da yawa ana iya matso da kujerarsu ko abin takawarsu gaba. Filin da ya san aikinsa zai kalli jikinka ya ba ka soson tun kafin ka tambaya. Filin da ya miƙo maka hula kawai ya nuna maka totur da birki ya ce bismillah, kuɗinka ya gani.

Da masu filayen nake faɗa fiye da kowa, kuma ga dalilin da ya fi ciwon baya muni. A bayan kujerar gokat akwai sandar nan mai juyawa, da sarƙa ko bel na inji, duk a kusa da wuyan direba. A watan Afrilun 2010 wata mata ta rasu a yankin Port Stephens na Ostareliya bayan mayafinta ya naɗe a ƙafar motar. A watan Fabrairun 2018 wata ta rasu a Pinjore ta Indiya, ita gashinta ne ya shiga. A watan Agustan 2021 yarinya 'yar shekara 15 ta rasu a unguwar Barking ta gabashin Landan bayan ɗankwalinta ya maƙale a sassan motar da ke juyawa. Ku dubi yadda muke shiga, mu da ƙannenmu: hijabi har ƙasa, gyale, laffaya, jallabiya, babbar riga, rawani. Idan akwai al'ummar da wannan haɗari ya fi shafa a duniya, muna cikinta. Ba ina cewa 'yar uwa ta cire suturarta ba ne, kada wani ya juya mini magana. Akwai hula mai kama kai da wuya wadda ake sawa a ƙarƙashin hular kwano, akwai rigar da ake ɗorawa a sama a zuge komai ya shige ciki. Aikin mai fili ne ya tanade su, ya ware wurin da mace za ta canza cikin mutunci, ya sa ma'aikaciyar da za ta duba kafin a tayar da inji, ya tabbatar murfin sandar baya yana nan bai karye ba. Duk hoton da na gani na yarinya a gokat gefen gyalenta yana kaɗawa a baya, gabana faɗuwa yake yi, mutane kuwa suna ta zuba mata alamar so.

Na san amsar da ke tafe: ajali ne, in kwana ya ƙare ko a kan gado sai a tafi. Na yi imani da ƙaddara kamar kowa a nan. Amma mai wannan magana yana kulle shagonsa da kwaɗo biyu, yana sa wa wayarsa gilashin kariya tun ranar da ya saye ta. Tawakkalinsa a kan ƙashin bayansa kawai yake tashi. Mun taɓa yin irin wannan wayon a ƙasar nan. A farkon 2009 da aka tilasta wa masu babur sa hular kwano, wasu 'yan acaɓa suka kifa ƙwarya a kai domin su wuce jami'an kiyaye haɗurra, har kafafen labarai na duniya suka ɗauka ana dariya. Jami'in ake yi wa hular, ba kan ba. Wannan tunanin ne muka ɗauko muka kai filin gokat, sai dai yanzu kyamara ake yi wa.

Idan ciwon ya zo kuma, nan ma muna da namu salon. A wurinmu duk ciwon baya basir ne ko sanyi, sai a nufi mai magani a bakin kasuwa. Wanda ya waye kaɗan ya shiga kemis ya haɗiyi diclofenac kamar gyaɗa har ya taɓa masa ciki, wani kuma abokai su miƙo masa tramadol, kuma kowa a Arewa ya san inda wannan hanya take ɓullewa. Gaskiyar magana, yawancin ciwon bayan da ke biyo irin wannan wasa na tsoka ne, yana lafawa cikin kwanaki ko 'yan makonni idan mutum ya ci gaba da motsi a hankali bai kwanta ya sandare ba. Amma akwai alamun da ba a jira da su. Ciwon da ke sauka ƙafa kamar wutar lantarki, ƙafa ta yi nauyi ko ta mutu, rashin jin taɓi a tsakanin cinyoyi, fitsari ko bayan gida ya riƙe ko ya kufce ba da sani ba, ko ciwo mai tsanani a kan ƙashin kansa bayan karo. Wannan asibiti ne a ranar, kuma ga mutanen Kano da kewaye Asibitin Ƙashi na Dala yana nan. Kada a bari kowa ya ja ko ya murɗa bayan kafin a yi hoto. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu a 2020, kuma shi ne kan gaba wajen nakasa mutane a duniya. Wanda ya riga ya san yana da matsalar faifan baya, da mai juna biyu, da wanda aka yi wa aiki kwanan nan, su tsaya a bakin shinge su ɗauki hoton wasu.

Wani zai ce wannan duk matsalar 'ya'yan masu kuɗi ce, me ya kawo ta zauren da rabinmu ke lissafin kuɗin data. Ɗan mai kuɗin da ke gasa shi ne ma ya fi kowa tsira, domin yana da kujerarsa da sulkensa da mai horar da shi, kuma ya gina tsokar ciki da ta baya da motsa jiki. Wanda ke cikin haɗari shi ne ɗalibin da ya tara kuɗin tikiti ɗaya, ya zo da sanyin jiki bai ko miƙe gaɓoɓinsa ba, ya ƙudurta sai ya fanshe kuɗinsa a minti goma, don haka ba zai ɗaga ƙafa daga totur ba ko a kan dandamali. Shi ne kuma ba shi da kuɗin hoton baya idan abin ya ɓaci.

Kafin a ba ka hula, a yawancin irin waɗannan filaye za a miƙo maka wata takarda ka sa hannu. Kowa sa hannu yake yi a tsaye yana hira. Ka zauna ka karanta ta. Za ka tarar an rubuta cewa wasan yana iya jawo rauni mai tsanani, cewa masu ciwon baya da na wuya da na zuciya kada su hau, cewa ka yarda da kanka ka shiga. Mutanen da ke ce maka a bakin ƙofa ai wasan yara ne, su ne suka sa aka rubuta wannan takarda. Idan ka gama karantawa, ka tambaye su soson kujera, ka zagaya bayan motar ka duba murfin sandar da idonka, ka sa hular ka girgiza kai ka ji ko tana juyawa. In sun ce babu soso, ko suka yi maka dariya, ka karɓi kuɗinka tun ba a yaga tikitin ba.